Wushiryar Sukari

Ran nan da hantsi ina zaune a gindin bedi, wato darbejiyar tsakar gida, ina tsince wake, sai na ji matar ɗana tana kiran maƙwabciyarmu ta kan katanga.

"Maman biyu, leƙo ki ga abin arziki! Ummi wushirya ke fito mata."

Ummi jikata ce, ajinta huɗu a firamare. Sunana aka sa mata, shi ya sa iyayen ba sa kama sunan. Aka tsayar da yarinyar a rana, aka ce ta yi murmushi, ta yi, kanta a ƙasa. Daga inda nake zaune na hango 'yar ƙofar da ta buɗe tsakanin haƙoranta biyu na sama. Na kuma hango abin da su ba su duba ba. Gefen ƙofar ba fari ba ne, ruwan ƙasa ne, kamar bakin kaskon da ya sha wuta. Hannuna ya tsaya cikin waken. Na san wannan wushiryar. Na taɓa yin irinta a garin nan, a wannan unguwa ta bakin iyaka, lokacin da tsawona bai wuce nata ba.

Jibiyar da na tashi a ciki ba ta kai ta yau zaƙi ba. Ban ce ba mu san daɗi ba. Akwai rake in lokacinsa ya yi, akwai mazarƙwaila da ake gutsura wa yaro kamar ƙwayar gyaɗa, akwai garin ɗorawa da muke lasa har hancinmu ya yi rawaya, akwai maɗin ɗinya da matan ƙauyen Riko ke kawowa ranar kasuwa. Amma duk waɗannan baƙi ne, su zo su tafi. Abin kullum shi ne tuwo, da fura da nono, da kunun tsamiya wanda in ka kurɓa sai ka runtse ido. Sukari kuwa a adakar Inna yake zama, ba ya fitowa sai an yi baƙo, ko mai jego, ko watan azumi. Da safe abin da ke tashin mutum shi ne amon taɓarya daga gida zuwa gida, sai ƙarar kacar da ma'aikatan kwastan ke saukewa a bakin shinge, sai gurnanin manyan motocin da ke jiran a sa musu hannu a takarda su wuce Maraɗi. A ƙarƙashin duk wannan akwai wata 'yar ƙara da kunnena ya daina ji yanzu, ƙarar asuwaki a kan haƙori. Kowa da nasa a baki. Mata na shara da shi, maza na tafiya gona da shi, ana gaisawa ta gefen baki ana tofarwa. Aikina a gidanmu shi ne in daka gawayi da ɗan gishiri in zuba a sakaina in ajiye kusa da randa, duk wanda ya ci goro ko ya sha wani abu mai manne wa baki ya lakata ya goge.

Yau in na leƙa ƙofar gida da safe, ledoji nake fara gani, ja da kore da ruwan goro, iska na kai su tana kawo su har gindin shinge. Ledar lemon gari, ledar biskit, tsinken alewa, murfin kwalba. Yaro ba ya tafiya makaranta sai an kaɗa masa shayi da madarar gwangwani da sukari cokali uku, a hanya ya sayi zoɓo mai ƙanƙara ya sha ruwan ya tauna ƙanƙarar, a dawowa ya sayi cingam. Samarin tasha da haƙori suke buɗe kwalbar lemo, su tofar da murfin suna taƙama. An rufe iyakar nan an buɗe, an sake rufewa an sake buɗewa, shinkafa ta yi wuya, mai ya yi wuya, amma ban taɓa ganin ranar da zaƙi ya kasa ƙetarowa ba. Bedin nan da nake zama a gindinsa, ni kaɗai nake karyar reshensa in yi asuwaki.

Wadda ta koya mini karyar reshen ita ce Kaka, uwar mahaifina. Tsohuwa ce ƙarama, baƙa, bayanta ya ranƙwafa, idonta ɗaya ya yi hazo, amma haƙoranta ba wanda ya faɗi. In ta zauna bayan la'asar tana gurgurar goriba, daga zaure kana jin ta, ƙurus, ƙurus, kamar akuya ta samu dusa. Kullum maganarta gare mu ɗaya ce: in mun sha zaƙi mu kurkure baki, kada mu yawata da shi. Ba mu ɗauke ta da muhimmanci ba, domin Kaka ba ta buɗe baki a kanmu sai da tsiya. Ni ta ce hancina kamar an taka kwaɗo. Ƙanena ta ce kunnuwansa sun isa a yi fifita. Mu ma mu rama, mu ce tsohuwa mai bakin goriba, a yi ta dariya. Haka ake yi tsakanin kaka da jika, kowa ya sani, ba mai jin haushi, ba kuma mai ɗaukar maganar da gaske.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma kallon fuskata. In za ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, "A ɗebo ruwa." Na san tana sona, domin in na tashi nakan tarar da ƙanzon tuwo a rufe inda ta san zan gani. Amma ban tashi da wanda ke duban idona ba, sai na zama yarinyar da ba a lura da ita. A aji ina zama jikin taga. Na san yawan tsagar da ke jikin allo, na san takalmin kowane malami da ƙararsa, na san tururuwar da ke bin gindin bango tana ɗauke da ɓarɓashin ƙosai, amma in aka yi tambaya ba na ɗaga hannu ko da na san amsa. Abu ɗaya na yarda in yi a gaban mutane, karatu a bayyane. In littafi na gaban fuskata kunya takan sake ni, muryata ta fita tas. Malamarmu, wata Kirista daga kudancin Zariya wadda mijinta ke aiki a kwastan, takan ce, "Ku yi shiru ku ji yadda ake karatu."

Gwaggona, ƙanwar Baba, tana aure a Ɗan Isa, hayin iyaka. Duk ranar kasuwa sai ta ƙetaro, doguwa, mai fara'a, bakinta ja wur da fure da goro, muryarta na riga ta shiga gida. Jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan ɗin hayi, duk sun san ta, wasa take da su ta wuce. Ita kaɗai ce a cikin manya take kama haɓata ta dubi fuskata. Kuma ba ta zuwa hannu sake. A cikin kayanta akwai wani shuɗin kwali na sukari mai ƙwaya, fari, a jere kamar tubalin gini. Sai ta damƙo ta cusa mini a aljihun rigar makaranta.

"Ungo, 'yar lakwal, 'yar makaranta. Ki sha ki ƙara ƙwaƙwalwa. Kada ki nuna wa tsohuwar can."

Da ni mai taunawa ce, da abin bai kai inda ya kai ba. Sauran yara sukan jefa ƙwayar a baki su ƙarmushe su haɗiye, shi ke nan. Ni kuwa kunya ba ta barina in motsa baki a gaban mutane. Sai na samo dabara. Nakan tura ƙwayar sukarin ƙarƙashin leɓena na sama, ta kwanta a kan haƙoran gaba, in rufe baki. Ba mai gani. Tun daga taron safe har a kaɗa ƙararrawar tara tana narkewa a hankali, ina zuƙo zaƙin ta tsakanin haƙora. In ta ƙare in sa wata. In na Gwaggo ya ƙare kafin kasuwa ta zagayo, sai in sayi tsami gaye a bakin makaranta in manna shi a gurbin, tsaminsa ya kashe mini haƙora, zaƙinsa ya biyo baya. Ya zame mini abokin zama. Bakin da ke cike da sukari ba a sa ran ya yi magana, ni kuma abin da nake so ke nan. Damina biyu na yi a haka.

Wata ranar kasuwa Gwaggo ta ba da wani labari na wani ɗan duwan da rago ya tunkuya, na yi dariya ban shirya ba. Sai ta tsaya cak.

"Ke, tsaya! Buɗe bakin nan in gani." Ta juya ni wajen haske. "Aradu wushirya ce! Ku taho ku gani, ɗiyar ga wushirya ka fito mata!"

Matan gida suka bar abin da suke yi suka kewaye ni. Wannan ta ce tabarkalla, waccan ta ce dama ta ga alama. Kaka ta taso da sandarta.

"Mi? Wushirya? Kawo bakin."

Ta kama haɓata da yatsunta masu kaushi, ta kawo idonta mai gani kusa, har ta sunsuna. Ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba wushirya ba ce. Tsutsa ce ke cin haƙorin. Ku dubi gefen."

Gidan ya ɗauki dariya. Gwaggo har da riƙe ciki.

"Kai, Iya! Ke dai ba ki taɓa ganin kyan jikokinki ba. Jiya hanci, yau haƙori, gobe kuma mi?"

"Ba wasa nike ba."

"To ai kullum haka kike cewa."

"Na ce ba wasa nike ba! Wushirya da ita haƙori ke fitowa, ba ta tsiro wa mutum da rana tsaka."

"Baƙin ciki ne, Iya, don ke ba ki da ita. Ke kuma rama, ce mata tsohuwa mai bakin goriba."

Na faɗa, murya ƙasa-ƙasa, aka sake fashewa da dariya. Inna tana bakin madafi tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, ba kuma zai yiwu ta ɗago ba. Na sha tunanin cewa da ta dubi bakina sau ɗaya a ranar, da ta gane. Amma a gaban surukarta da ƙanwar mijinta, ina ita ina duban bakin 'yar fari.

Daga ranar na zama mutum. Mata a bakin rijiya su ce, "Yi mana murmushi, mai wushirya." 'Yan ajinmu da ba su taɓa sanin ina nan ba suka fara jan tabarmarsu kusa da ni, wata ma ta tambaye ni ko da reza na yi. Da salla Gwaggo ta goga mini fure da goro, haƙoran suka yi ja, jan ya rufe ruwan ƙasan da ke gefe, aka ce ban taɓa yin kyau irin na ranar ba. Ni kuma in na shiga bayan ɗaki sai in karyi tsinken tsintsiya in tura a ƙofar ina juyawa don ta ƙara faɗi. Tana ƙarawa kuwa, har da ɗan gari-gari a jikin tsinken.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na sani. Tun kafin Kaka ta faɗa na sani. In na ɗebi ruwan randa da moɗa, sanyin yakan soke ni daga haƙori har cikin ido, sai na koyi sha ta gefen baki. Ranar wata Litinin Malama tana duba farce da haƙora a layi, ta zo kaina ta tsaya. Ta ƙwanƙwasa haƙorin da gindin fensir, wani abu ya harba mini har ƙeya.

"Yana yi miki zafi?"

"A'a, Malama."

Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta rubuta takarda ta ninke ta ce in kai wa Baba, a kai ni asibitin Katsina. Na karanta a hanya. Na tsaya a gindin wata tsamiya kusa da inda motoci ke layi, na yi tunanin in aka kai ni za a toshe ƙofar, in koma yarinyar jikin taga. Na ninke takardar ƙanana, na cusa ta a ramin jikin itacen, na tafi gida na ci tuwo.

Kaka ba ta haƙura ba. Ta yi wa Baba magana, ya yi murmushi ya ce, "Iya, ke da ƙawar taki." Da ta ga ba mai sauraronta, wata rana ta kira ni ta miƙo mini goriba.

"Tunda wushirya ce, ciza."

Na ce na ƙoshi. Ta ɗora goribar a kan murfin randa.

"Tana nan tana jiranki. Kada kowa ya taɓa."

Kwana uku goribar nan tana kallona duk sanda na zo shan ruwa. A na huɗu na dawo daga makaranta na tarar tsakar gida ba kowa, an tafi barkar haihuwa. Na ɗauke ta. Na ce a raina in na gurgure ta tas zan ajiye mata ƙwallon a kan tabarmarta, ta san ƙarya take yi. Na kafa haƙoran gaba na danna. Ƙarar da na ji ba irin ta Kaka ba ce. Ƙarama ce, ƙas, kamar an karya alli. Da na janye goribar, rabin haƙorina na tsaye a jikinta.

Kafin kasuwa ta zagayo leɓena ya kumbura har ya taɓo hanci, ido ɗaya ya rufe. Baba ya ɗora ni a keke ya kai ni wajen wani mai cire haƙori da ke shimfiɗa a gindin bishiya kusa da shinge duk ranar kasuwa. A gabansa akwai jan ƙyalle, a kan ƙyallen tulin haƙoran mutane, manya, masu saiwa, wasu baƙaƙe, wasu jajaye da goro, don masu wucewa su san ya iya aiki. Ya ɗaga leɓena da babban yatsa.

"Malam, biyun nan sun tahi. Na kusa da su ma sun kama hanya."

Baba ya riƙe kaina a ƙirjinsa, ina jin bugun zuciyarsa a kunnena. Mutumin ya ɗauko awartaki. Ban yi ihu ba, mutane sun yi yawa a wurin. Na dai kafa ido a kan wata babbar mota da ake ɗaure wa tamfol, na ƙirga igiyoyinta har aka gama. Da ya wurga nawa a kan tulin, na ga su ne mafi ƙanƙanta a ciki. Gwaggo na cikin kasuwa, aka gaya mata, ta zo da gudu tana salati. Ta durƙusa ta share mini jini da bakin zanenta, tana kuka da gaske. Sannan ta laluba kayanta ta miƙo mini ƙwayar sukari.

"Ungo, tsotsa, ya rage miki zafi."

Da muka koma gida na jira Kaka ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Ta zaunar da ni a kan cinyarta duk girmana, ta ce da Baba ba tare da ta dube shi ba, "Da ni ba kakarta ba ce, da kun ji maganata." Inna ta kawo ruwan ɗumi da gishiri. Ta durƙusa, ta kama haɓata, ta dubi fuskata sosai, a gaban kowa. Shi ne karo na farko da na san launin idon uwata.

Sauran biyun ma ba su kai wata damina ba. Sunan ya canja da kansa. Mai wushirya ta zama mai giɓi, mai giɓi ta zama mai wawulo. Matan bakin rijiya suka daina cewa in yi murmushi. Ranar da na koma aji Malama ta miƙo mini littafi kamar yadda ta saba, tana so ta nuna ba abin da ya canja. Na fara karantawa, duk inda na zo kan sin ko shin sai iska ta fita da fito, ajin ya kece da dariya. Na rufe littafin. Ban ƙara karatu a bayyane ba, ko a makarantar allo sai dai in motsa leɓe. Hannuna ya koyi hanyar bakina, daga baya gyale ya karɓi aikin. Bayan na yi aure, tun ɗana na goye, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya kai ni Katsina aka yi mini na roba guda huɗu masu kama dasashi. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Shi da Kaka da Inna da Gwaggo duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka san ni da wawulo kuma sun watse ko sun manta. A gidan nan ba wanda ya sani. A ɗaki nake wanke su, ƙofa a rufe. Har yabona ake yi. Na sha jin matar ɗana tana ce wa baƙi, "Mutanen da sun more. Ku dubi haƙoran Mama, kamar na budurwa, ga shi tana shan shayinta da sukari ba abin da ya same ta." Ina ji, in yi shiru. Da haƙoran ƙaryata ake kafa hujjar ƙara wa jikokina cokali.

Ummi kuwa na daɗe ina lura da ita, domin ni ce ta biyo. Ba ta da hayaniya, tana tafiya a jikin bango. Na ga yadda take karye tsinken alewa ta jefar, sannan leɓenta na sama ya ɗan tasa. Na ga yadda take zazzage lemon gari a tafin hannu tana lasa da busasshensa har harshenta ya rine. Na ga ta fara shan ruwa ta gefen baki. Duk na gani, ban ce komai ba, don in na buɗe maganar ban san inda za ta tsaya ba.

To ran nan da aka tsayar da ita a rana, sai na ajiye faifan waken na ce, "Kawo ta nan."

Na kama haɓarta na juya ta wajen haske. Ba sai na daɗe ba.

"Wannan ba wushirya ba ce. Haƙorin ne ke ruɓewa."

Uwar ta fashe da dariya. "Kai, Mama! Ke da Ummi ba ku gajiya."

Maman biyu ta ce daga kan katanga, "Takwara ta fi ta kyau, shi ne abin ya tsaya mata a rai. Ummi, rama mana!"

"Ba wasa nike ba," in ji ni. Ina faɗa na ji muryar kakata ce ta fita daga bakina.

"To, Mama, mun ji," in ji matar ɗana, tana share hawayen dariya.

Na dubi yarinyar. "In kin sha ruwan sanyi yana yi miki zafi?"

"A'a, Kaka."

Da sauri ta faɗa, idonta a kan yatsun ƙafarta. Na san wannan a'a ɗin. Na kuma san in na tsaya a magana, ko zan kai magariba ina rantsuwa, wasan kaka da jika za a ce. Na dubi matar ɗana, wadda ko ɗankwalina bai taɓa zamewa a gabanta ba. Na dubi Maman biyu, wadda abin da ta gani da hantsi yakan isa tasha kafin azahar. Sannan na sa yatsu biyu a baki na zaro su, na ɗora a kan faifai cikin waken.

Kazar da ke tsakar gida kaɗai nake ji.

"Ga tawa wushiryar," na ce, iska na fita da fito kamar ranar da na rufe littafi. "Sukari ne ya buɗe ta. Ita ma yabonta aka yi. Ita ma kakata ta faɗa aka yi dariya."

Matar ɗana ta rufe fuska da tafin hannu tana innalillahi. Da na waiga katanga, ba kowa.

Washegari uban ya kai Ummi Katsina. Likitan haƙori ya kankare ruɓar ya cike gurbin, ya ce an zo kafin ta kai saiwa. Ta dawo haƙoranta a haɗe, ba ƙofa. Maman biyu ta leƙo ta ce, "Ayya, an toshe mata." Na ji uwar ma ta yi ajiyar zuciya. An rage cokalin shayi na 'yan kwanaki, yanzu ina jin ƙarar cokalin tana komawa yadda take. Matan unguwa in sun zo gaishe ni, bakina suke gaisarwa. Ummi kuwa kwana shida ba ta shigo ɗakina ba. Ban ga laifinta ba. Abu ɗaya aka taɓa yaba mata, ni na sa aka ɗauke.

A na bakwai ina gindin bedi ta zo ta zauna nesa kaɗan, tana zane a ƙasa da tsinke.

"Kaka, naki sun yi zafi?"

"Sun yi."

"Nawa ma yana yi. Tun kafin azumi."

"Na sani."

Na karyo reshe biyu, na miƙa mata ɗaya. Ta tauna ta yamutsa fuska don ɗaci, amma ba ta tofar ba. Muna nan zaune wasu yara masu tafiya makaranta suka leƙo ta zaure, bakinsu ja da kore, ɗaya ya ɗaga murya yadda sauran za su ji.

"Kaka mai wawulo, ina kwana?"

Shekaru na yi ina ɓuya wa sunan nan, ga shi ya biyo ni har gindin bedi. Na ji hannuna ya kama hanyar bakina. Ummi tana kallona. Na mai da hannun kan cinya, na ce lafiya lau.